Ba Zan Tare Kafin Bak Ba

Ga masu turo mini saƙo cewa in ji tsoron Allah in bi maganar manya, na karanta, na kuma gode. Ke ma da kika rubuto cewa miji irin Attaher ba a samunsa sau biyu, na ji ki, ban kuma musa ba. Amma ku ɗan ba ni kunnenku, don na lura kuna yanke mini hukunci ba ku san inda maganar ta faro ba.

Sunana Zulaihat. A Arlit aka haife ni, nan na girma, kodayake iyayena 'yan Damagaram ne. Babana, Malam Alhusaini, ya zo garin nan yana saurayi, ya shiga aikin ramin uraniyom na Akokan, bai bar shi ba sai da aka rufe ramin. A gidanmu ba kowa ke kirana da sunana ba. Gwaggo 'Yargata, ƙanwar Baba, ta laƙaba mini Sai-gobe, sunan kuma ya bi ni har bakin famfon unguwa.

Dalilinta shi ne bak, jarabawar ƙarshen lise, wato sakandare. Na faɗi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yau shekara uku. Kowace shekara ina cewa zan sake zama, kowace shekara a rufe rajista ina nan ina shirin fara shiri. Burina in zama sajfam, ungozomar gidan likita, kuma ba a shiga makarantarsu sai da wannan takarda.

Kada ku ɗauka ban taɓa gwadawa ba. Na kalli bidiyoyi a waya har idona ya yi yaji, duk bakinsu ɗaya: ki riƙa yin abu kullum na 'yan makonni, zai shiga jikinki, ki daina jin nauyinsa. Na sayi kaye, littafin rubutu mai bango ruwan hoda, na sayi biro kala-kala, na share lungun ɗakin da firigonmu yake na kafa tebur har da fulawar roba. Makon farko kamar biki. Da na iso lissafi sai ƙirjina ya fara nauyi, na ce wa kaina abin bai shiga jikina ba tukuna, bari in jira ranar da zan tashi ina jin marmarinsa. Ranar ba ta taɓa zuwa ba. Waya kuwa, babu wanda ya koya wa hannuna hanyar zuwa wurinta.

Shi kuma Attaher, ma'aikacin wuta ne a Cirozerin, Ciro dai kamar yadda muke cewa, inda ake ƙona gawayin ƙasa a ba ramukan uraniyom da garuruwanmu lantarki. Buzu ne, mutanensa masu lambu ne a duwatsun Ayar. Dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta fashe masa a baki. A bikin wata ƙawata muka haɗu, ya tambayi gidanmu kafin ya tambayi lambata. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo wa Mama cuku da lemun lambunsu. Ina son sa. Ku rubuta wannan ku ajiye, don nan gaba za ku ce ba na so.

Wata Juma'a da yamma ina zaune a tsakar gida ina ƙulla zoɓo a leda don in jera a firigo, hannuna duk ya rine, sai ga Gwaggo da sallama. Ta sha lafaya ruwan goro mai ɗigon zinariya, turarenta ya riga ta shigowa. Duk ranar da Gwaggo ta naɗa wannan lafayar, akwai magana a bakinta.

"Sai-gobe, wanke hannu ki zo."

"Gwaggo, bari in ƙarasa wannan bokitin."

"Kun ji ta ko? Kiran ma sai gobe."

Mama tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗaga kai ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Na wanke hannu na zo na durƙusa a bakin tabarma.

Gwaggo ta gyara zama ta warware labari. Kawun Attaher, wani dattijo mai suna Amastan, ya tari Baba bayan an sauko daga masallaci. A wurin aikin Attaher za a raba gidaje a site, unguwar ma'aikata: ɗaki biyu da falo, famfo a ciki, wuta ba ta ɗaukewa. Masu iyali kaɗai ake ba. Sunansa ya fito, da sharaɗin matarsa ta tare kafin ƙaramar Sallah. In ba haka ba a miƙa wa na bayansa, shi ya koma ƙarshen layi, Allah kaɗai ya san ranar da zai sake fitowa.

"Me Baba ya ce?"

"Me zai ce? Cewa ya yi a tambaye ki. Ni ban san lokacin da aka fara tambayar yarinya ranar aurenta ba, amma ga ni, na tambaya."

"Gwaggo, bana zan yi bak. Farkon damina ake yi. In na fito daga ɗakin jarabawa, ko washegari ne a ɗaura."

Ta yi dariya har sai da ta dafa gwiwar Mama. "Bara me kika ce? Bara waccan fa? Littattafan nan naki ɓeraye sun fi ki sanin abin da ke cikinsu. Ki rufa wa kanki asiri, 'yar nan. Allah ya kawo miki mai rufa miki shi."

Mama ta ajiye farantin. Muryarta a ƙasa take kullum. "Zulai, auren kike gudu ko yaron?"

"Ba na gudun ko ɗaya, Mama."

"To me kike gudu?"

Na koma kan zoɓona, na ƙulla leda uku duk suka fashe.

Bayan magariba wayata ta fara kaɗawa. Attaher ne. Hoto na farko bango fari da ƙofa shuɗiya. Na biyu kicin mai tayil. Na uku wata 'yar bishiyar dogon yaro a tsakar gida, ya zagaye ta da jan layi ya rubuta: "Nan za ki riƙa shan shayi." Sai kuma: "Gimbiyar Arlit, an gaya miki?"

Na shiga ɗaki na ja labule na kira shi.

"Gidan ya yi kyau," na ce.

"Sai kin gan shi ido da ido. Iska tana shiga ta ko'ina."

"Attaher, ba zan iya tarewa kafin bak ba."

Ina jin ƙugin injinan wurin aikinsu daga nesa. "To ki yi karatun a can mana. Zan sa miki tebur a ɗaki na biyu. Babu mai damun ki."

Magana ce mai kyau, na sani. Amma ni na san kaina. Amarya, baƙi safe da yamma, dangin miji, sabon gari, wataƙila laulayi kafin damina. Da na samu hujjar da zan riƙe har tsufana, kuma babu wanda zai zarge ni.

"Zan tambaye ka wani abu, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Ka yarda zan yi jarabawar nan?"

Sai ya yi 'yar dariya. Ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce zai tuƙa jirgin sama.

"Zulai, ni ba don bak nake son ki ba. Kowa da halinsa. Ke mai sanyin jiki ce, haka na gan ki, haka nake son ki. Ki sauke wannan kayan daga kanki, ni zan riƙe ki."

Na san rabinku kun narke da kuka karanta wannan. Ni kuwa ji na yi kamar an zuba mini ruwan firigo a baya. Gwaggo in ta kira ni Sai-gobe, zagi ne, ana iya faɗa da zagi. Wannan kuwa so ne. Ya gama auna ni, ya ga iyakata, ya yafe mini, ya shimfiɗa mini tabarma a nan in zauna har in mutu. Kuma bai ma san ya yi wani abu ba.

"Na gode," na ce. "Amma ba zan tare ba sai na yi."

"Gidan fa?"

"Ban sani ba."

"Zulai, shekara nawa ina jiran gidan nan."

"Na sani. Ka yi haƙuri." Na kashe wayar kafin muryata ta tona ni.

Washegari bayan sallar asuba na fito da buta na tarar da Baba inda yake kullum. Tun da aka rufe ramin bai fasa ba: ya dawo daga masallaci, ya sa tsofaffin takalmansa na aiki masu ƙarfe a baki, ya ɗaure igiyarsu tsaf, ya zauna a kan benci a ƙofar gida da ɗan kaskon shayinsa, yana fuskantar hanyar da motar ma'aikata take bi da. Lokacin ɗari ne, ya lulluɓe da bargo, yana tari. Tarin nan ya yi watanni. Busasshe, daga can ƙasan ƙirji, in ya kama shi sai ya dafa bango. Mama ta yi roƙo, ta yi fushi, ta yi kuka. Amsarsa ɗaya ce: in sanyi ya wuce zai je gidan likita. Da zafi ma cewa ya yi in zafi ya wuce.

Na zauna a gefensa. Ya zuba mini shayi a ɗan kofin gilashi.

"Baba, motar nan ba za ta zo ba. Me ya sa kake sa takalman?"

Ya kalli ƙafafunsa kamar yau ya fara ganin su. "Ai ba ni nake sawa ba. Farkon zuwana sai an buga mini ƙofa kafin in tashi. Daga baya ƙafafun suka riƙe abinsu. Yanzu ko na ce zan koma in kwanta, sai in gan ni a nan."

"To gidan likita fa? Me ya sa ƙafafun ba su kai ka can ba?"

Ya juya kofinsa.

"Wannan ai ba a sabawa da shi," ya ce. "Abokaina biyu sun shiga da ƙafarsu, aka faɗa musu abin da aka faɗa musu. Ina jiran ranar da zan ji zuciyata ta yi ƙarfi."

Jama'a, a kan bencin nan na ga kaina, da furfura da takalman ƙarfe. Mutumin da bai taɓa makara a aiki ba, ga shi yana jiran abin da nake jira. Ni ina jiran lissafi ya zama mini kamar tashin asubarsa, abin da jiki zai yi da kansa ba da shawarata ba. Shi yana jiran tsoro ya fita kafin ya tafi. Mu biyu muna zaune a bakin hanya muna jiran motar da aka daina turowa.

"Baba, ranar ba za ta zo ba. Tawa ma ba za ta zo ba. Mu sa rana kawai mu tafi da tsoron namu. Litinin. Kai gidan likita, ni wurin rajista."

Ya ɗaga gira. "Ke kike sa mini rana?"

"Ai kai ka ce a tambaye ni tawa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe masa kofin har ya lafa. Da ya samu numfashi ya ce, "In kika fasa, na fasa."

"In ka fasa, ni ba zan fasa ba. Amma zan gaya wa Gwaggo daga wurin wa na gado."

Ranar Litinin muka tare kabu-kabu biyu a bakin titi. Baba ya sa farar shaddarsa ta Juma'a kamar mai zuwa ɗaurin aure, ni na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, takarduna a cikin jaka na rungume a ƙirji. Hujjoji suka yi mini rakiya tun daga gida. Hoton da na ɗauka bai yi kyau ba. Layi zai yi tsawo. Za a gan ni a ce ga wadda ta faɗi ta dawo, ƙannen ƙawayena su ne za su zama abokan zamana. A hanya har na ce wa mai babur ya tsaya, ya tsaya, na ce ya ci gaba. Na shiga layi da tsorona, na fito da shi. Amma sunana ya shiga.

Daga ranar na yanka wa kaina lokaci: daga sallar azahar zuwa kiran la'asar. In na sallame, in je in saka wayata a aljihun gaban rigar Baba, in shiga ɗakin firigo in sa sakata. Na cire fulawar robar, na ba ƙannena birorin kala-kala. Littafi, kaye, biro shuɗi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya zama daɗi ba. Har yau bai zama ba. Kullum in na ji an tayar da sallar azahar sai gabana ya faɗi, don na san abin da ke biye. Akwai ranar da na zauna gaban lissafi guda ina hawaye, firigo na gurnani a bayana, ban warware komai ba har aka kira la'asar. Amma ban tashi ba. Da can, in na ji wannan ƙuncin sai in ce alama ce abin bai karɓe ni ba, in rufe littafi in jira. Yanzu na gane ƙuncin yana cikin aikin, kamar yadda hayaƙi yake cikin girki.

Sabo daban, tsari daban, kuma rashin raba su ne ya cinye mini shekaru. Sabo shi ne abin da hannu ke yi kai bai sani ba: ɗaukar waya, kaskon shayi, takalman Baba. Tsari kuwa alkawari ne da ka ƙulla da wani lokaci, kana zuwa ko ranka yana so ko ba ya so. Abin da ya zame mini sabo a duk wannan ɗan ƙarami ne: miƙa wayar. Yanzu ina sallamewa hannuna yake neman aljihun Baba da kansa. Wannan ƙofar kaɗai ce take buɗewa da sauƙi. Abin da ke bayanta, kullum sai na ja kaina kamar ana jan akuya zuwa kasuwa.

Ana haka wata rana Gwaggo ta zo da rana tsaka, ɗauke da atamfofi kala uku a kafaɗa, wai in zaɓi wadda 'yan biki za su ɗinka. Ina jin muryarta daga ciki.

"Ina Sai-gobe?"

"Tana aiki," in ji Baba daga inuwar rumfa.

"Aiki? Wane kamfani ya ɗauke ta?" Ta zo ta bubbuga ƙofar da tafin hannu. "Zulaihat, buɗe."

Ban taɓa ƙin amsa kiran Gwaggo ba tun da aka haife ni.

"Gwaggo, ki yi mini haƙuri. Sai an kira la'asar."

Sai Gwaggo ta fara. Ta ce an lalata ni, ta ce Baba ya zama abokin wasana, ta ce a zamaninsu ko a kan wuta kike da tukunya in babba ya kira sai ki bar ta ta ƙone. Ban fahimci ko layi ɗaya na abin da nake karantawa ba, amma idona bai bar shafin ba. Da ladan ya ɗaga murya na zare sakata, na fito, na durƙusa har ƙasa na gaishe ta.

Ta watsa mini atamfofin a gabana. "Zaɓi."

"Duk suna da kyau, Gwaggo. A ajiye su sai damina."

"Kina ji na da kyau? Namiji ba ya jira. Uwarsa tana da dangi cike da garinsu Timiya, 'yan mata kamar an zana su, ba wadda za ta ce masa bak ko bok. In ya auri wata fa?"

"To ya aura."

Bakina ne ya faɗa. Zuciyata kuwa ba ta yarda ba. Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Gwaggo ta tattara atamfofinta ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe, ta ce, "Za ki tuna da ni." Ta fita ba sallama.

Saƙonnin Attaher kuma suka fara ramewa. Da can kafin in farka na tarar da saƙon murya mai tsawo, yana ba ni labarin abin da ya ci da wanda ya ɓata masa rai a wurin aiki. Ya koma "Ina kwana." Ya koma "Lafiya lau." Daga nan shiru. In na karɓi wayata daga aljihun Baba bayan la'asar, in duba, babu komai, sai in shiga bayi in wanke fuska don kada a gani.

Sai sakamakon Baba ya fito. Tare muka je. Lokotoron, wato likitan, ya ɗaga hoton ƙirjin a gaban fitila ya daɗe yana kallo, ya ce akwai wata inuwa a gefen dama da ba ta kwanta masa ba, na'urar da za ta nuna ta sosai tana Agadas, kuma kada a ja lokaci. Baba ya ce, "To," ya sa hularsa. A hanyar gida ya riƙe hannuna wajen tsallaka titi kamar ina 'yar shekara biyar.

Wa zai raka shi? Mama gwiwarta ba ta ɗaukar doguwar tafiya, ga yara. Yayana Khalidu yana can wurin haƙar zinariya cikin sahara, sai ya hau dutse yake samun layi. Saura ni. Ba a san kwana nawa za mu yi ba, ba a san ko daga can za a ce Yamai ba.

Gwaggo ta zo sallama, ta yi wa Baba addu'a da hawaye na gaske, don duk bakinta tana son ɗan'uwanta. Da ta zo fita ta tsaya kusa da ni ta rage murya. "To, ga shi Allah ya sauke miki. Yanzu ko kin bari babu mai cewa komai."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta ba ni tsoro. Wannan ce hujja mafi kyau da na taɓa samu a rayuwata, mai tsabta, har da lada a ciki. Na shiga ɗaki na ciro rabin kayan sawar da na zuba a jaka, na cusa littattafai a wurinsu.

Da safen tafiyarmu, muna tasha ana ɗaure kaya a saman bas, wayata ta kaɗa. Attaher. Hoton tafin hannunsa ne, da mabuɗi a kai, an ɗaura masa shuɗin zare. A ƙasa ya rubuta: "Na karɓa. Na ce musu kafin Sallah."

Na rubuta magana mai tsawo na goge. Na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na tura kalma biyu: "Da wa?"

Ya karanta. Bai amsa ba.

Wanda ya san hanyar Arlit zuwa Agadas ya san ba hanya ba ce, tarihin hanya ne. Kwalta nan, rami can, direba ya sauka cikin rairayi ya sake hawa. Baba yana jikin taga da rawani a hanci, kowane gargada sai ya tsananta masa tarin. Muka wuce mararrabar Imuraren, inda aka yi shekaru ana ce wa samarinmu ga aiki nan tafe, ba kowa sai allo da iska. Da rana ta take aka tsaya aka yi azahar a gefen hanya. Ina komawa kujerata na ga hannuna ya riga ya saka wayar a aljihun Baba. Ya dube ni.

"A nan ma?"

"A nan ma."

Na buɗe littafi a kan cinyata. Lambobin suna tsalle, kaina yana juyawa, warin man mota yana tayar mini da zuciya, mabuɗin nan mai shuɗin zare yana yawo tsakanin layuka. Na ci gaba.

Ban san mun iso mararrabar Ciro ba sai da bas ta rage gudu ta tsaya. Na ɗaga kai. Attaher ne tsaye a gefen babur ɗinsa, cikin shuɗin kayan aiki, ya rame. Ashe Gwaggo ta gaya wa kawunsa motar da muka shiga. Bai kalli tagogi ba. Hannun wata dattijuwa ya riƙe yana taimaka mata ta hau matakala, ya miƙa wa yaron mota ƙullin kayanta, ya ja da baya.

Doguwa ce, siririya, cikin baƙin zane mai shuni da ya rina mata wuya, da azurfa a ƙirji. Ban taɓa ganin ta ba sai a hoto, amma hancin nan da idanun nan na san su. Lalla ce, mahaifiyarsa.

Ta tako a hankali tsakanin kujeru tana duba fuskoki. Ta tsaya a kanmu, ta gaida Baba da ladabi, ta yi masa sannu da jiki, ya amsa yana ƙoƙarin miƙewa ta ce ya zauna. Ta yi wa matar da ke ɗaya gefena magana da Buzanci, matar ta tashi ta koma baya ba musu. Ta zauna. Ƙamshin hayaƙin itace da man shanu ya lulluɓe ni.

"Kai ne Zulaihat?" Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ta raba mace da namiji.

"Ni ce, Inna. Ina wuni."

"Lafiya. Rufe takarda. Daga nan zuwa Agadas ni da kai muna magana."

Ta taga ina ganin Attaher, ya sunkuyar da kai yana murza igiyar hularsa ta kwano. Baba ya daina tari, har numfashinsa ya riƙe.

"Inna, ki yi mini haƙuri. Sai la'asar nake rufewa."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Fuskarta ba ta nuna fushi ba, ba ta nuna komai ba. Sai ta kama bakin mayafinta ta kwance wani ƙulli da haƙori, ta ciro mabuɗin nan mai shuɗin zare, ta ɗora shi a tsakiyar littafina.

"To karanta," ta ce. "Na karɓe shi daga hannun yaro yau da safe. In ka gama, za ka faɗa mini dalilin da zan ba ka shi, kada in kai shi Timiya."

Direba ya tayar da mota. Attaher ya fara yin baya a gilashi, yana ƙanƙancewa.

Mabuɗin ya rufe mini lambar da nake buƙata. Na sa ɗan yatsa na tura shi gefe, na ci gaba da lissafina, tana kallon hannuna.

Daga Ciro zuwa Agadas babu nisa sosai, inuwar duwatsu kuma ta riga ta fara tsawo.